Koci Hosea Tolliver da Yaran da Ya Ƙi Kora

Ranar Alhamis, sha shida ga watan Oktoba, Allah Ya karɓi ran Koci Hosea Tolliver a gidansa da ke Tallow Bend, yana da shekara saba'in da huɗu. Ina tsakiyar fili da yamma muna atisayen ƙwallon ƙafar Amurka da yara sai wayar 'yarsa Renita ta shigo. Ba ta yi doguwar magana ba. Ta ce, "Cleon, Baba ya tafi. Yana kan kujerarsa, Mama na kusa da shi." Na mayar da wayar aljihu, na busa usur, muka ci gaba da atisayen har muka kammala, domin na san da yana nan ba zai yafe mini ba idan na tsayar da aiki saura kwana biyu a yi wasa. Sai da yaran suka cire hulunan kwanonsu suka durƙusa kewaye da ni, sannan na faɗa musu.

A hanyata ta komawa gida na kunna rediyo, na tarar shirin wasanni ya riga ya sanar. Mutane na ta bugo waya suna yi masa addu'a. Can wani ya bugo ya ce, "Allah Ya jiƙansa, mutumin kirki ne. Amma a faɗi gaskiya, ɗan wasansa Otha Bynum ne ya yi shi. Da Otha ya tafi, me ya ƙara yi?" Mai gabatarwa ya ce ai wannan tsohuwar muhawara ce, suka yi dariya kaɗan, suka wuce zuwa talla.

Koci, gawarka ba ta huce ba suna auna ka. Na san ba za ka damu ba, ka saba. Ni ne na damu. Na yi maka wasa shekara huɗu a babbar jami'a, ni ne mutum na ƙarshe a bayan 'yan tsaronka. Daga baya na yi aiki a ƙarƙashinka har ka ajiye usur, yanzu kuma ni ke zaune a kujerarka ina tsara tsaro. Na gan ka lokacin da ake kiranka gwanin gwanaye, na gan ka lokacin da ake kiranka tsohon da zamani ya wuce. Mutum ɗaya na gani a duka lokutan biyun, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Ranar da na fara ganinka, kana zaune a ɗakin girkin kakata Lottie, wadda ta rene ni, kana cin soyayyar tarwaɗa da burodin masara, ka ɗora hularka a gwiwa. Kafin kai koci uku sun zo, kowannensu ya yi wa kaka alƙawarin zai mai da ni ƙwararren ɗan wasa da za a riƙa gani a talabijin. Kai ka ci abincinka shiru, har ta gaji ta tambaye ka.

"Kai kuma me za ka mai da shi?"

Ka goge hannu ka ce, "Mama, gudun nan da yake yi ba ni na ba shi ba, ba kuma zan iya ƙara masa ko taku guda ba. Abin da na iya shi ne in nuna masa inda zai tsaya. Sannan in riƙe shi shekara huɗu har ya fito da takardarsa. Ko ya karye, ko ya zama ba ya taɓuka komai a fili, shekara huɗun nan tasa ce."

Kaka ta daɗe tana kallonka, sannan ta tura maka kwanon ta ce ka ƙara kifi. Da ka tafi ta ce mini, "Wancan za ka bi. Shi kaɗai ne bai yi mini ƙarya ba."

Ba ka da sauƙin zama, ba zan ɓoye ba. Kana da faɗa, kana da taurin kai, kuma yabo a bakinka sai an tona. Ka sa mini suna Lauya tun makon farko, saboda duk abin da ka ce a yi sai na tambayi dalili. "Lauya, idan ka gama shigar da ƙara, mai ƙwallon ya wuce ka." Sunan ya bi ni har yau, 'ya'yan cikina ma idan suna son tsokanata da shi suke kirana. Amma ba ka taɓa ƙin ba ni dalilin ba. Za ka yi tsaki, ka ja ni gaban allo bayan kowa ya watse, ka zana mini har sai na gane.

Tun da Otha Bynum suke kawowa, bari in faɗi yadda aka yi Otha. Ya zo jami'a a matsayin mai buɗe wa masu kai harinmu hanya, ya shekara biyu a benci, ya yi ƙiba, ya fid da rai. Ya riga ya gaya mana zai koma gida ya shiga aikin yankan katako wurin kawunsa. Wata rana ka ratsa ta ɗakin motsa jiki ka gan shi yana wasan kwando da abokai, ka ga yadda ƙaton mutum irinsa ya juya a kan ƙafa ɗaya ya bar yaro siriri a tsaye. Ka tafi kai tsaye wurin kocin masu kai hari ka ce a ba ka shi. Ya ce, "Ɗauke shi, ka rage mana mai cinye abinci." Duk bazarar nan kai da Otha kuna can ƙarshen fili, kana koya masa yadda zai sa hannu, yadda zai sunkuya, yana zufa yana zaginka a ciki. Da kakar wasa ta zo, babu mutum ɗaya a ƙasar nan da ke iya tare shi shi kaɗai.

To wa ya yi wani? Takun farko na Otha babu mahalukin da ya koya masa, da shi aka haife shi. Amma da ba ka ratsa ta wancan ɗaki da ido a buɗe ba, da takun nan ya ƙare a wurin yankan katako babu wanda ya san da shi.

Shekarata ta ƙarshe ita ce shekarar da ake magana. Mu ne na ɗaya a tsaro a duk faɗin ƙasa. Filin kan cika maƙil, 'yan badujala suna busa, ƙasa tana rawa a ƙarƙashin ƙafarmu. Biyar daga cikinmu ƙungiyoyin ƙwararru suka ɗauka. A wasanmu da manyan abokan hamayya, a hutun rabin lokaci, ka ce in matsa hagu kaɗan daga inda na saba tsayawa duk lokacin da suka jera mutum uku gefe guda. Na fara gardama, ka ce, "Lauya, yau babu zaman kotu." Na matsa. Ba a daɗe ba mai jifansu ya jefo ƙwallo daidai ƙirjina kamar ni ya nufa, na cafe na ruga da ita. Washegari hotona ne a jarida, an rubuta cewa Haygood yana da ido irin na shaho. Babu wanda ya ambaci wanda ya ce in matsa. Na kawo maka jaridar, ka duba ka ce hoton ya yi kyau, in aika wa kaka.

A ƙarshen kakar wasan aka ba ka lambar yabo ta kocin tsaro mafi ƙwarewa. A wurin walima aka tambaye ka sirrinka, ka ce, "Dabarar mai sauƙi ce. Nakan ce wa Otha, ga wancan mai riƙe da ƙwallo, je ka kamo mini shi." Ɗaki ya ɗauki dariya. Ba ka san cewa wannan raha za a ajiye ta, a yi shekara ashirin ana dukanka da ita ba.

Bakwai daga cikin sha ɗayanmu muka tafi a shekara guda. Ni ban daɗe a wasan ƙwararru ba, gwiwata ta lalace a kaka ta biyu. Ina kwance a gida ba ni da abin yi ka kira ka ce kana neman mai horar da 'yan baya wanda ya iya surutu. Na dawo na tarar komai ya canza. Yaran da suka gaje mu yara ne nagari, masu ƙoƙari, amma ba su da gudunmu. Wasan kansa ma ya canza. Ƙungiyoyi sun daina taruwa su yi shawara kafin kowane hari, sai su baza masu gudu huɗu a faɗin fili su riƙa jifa ba hutu, manyan 'yan tsaronmu suna haki a baya.

A nan, Koci, dole in faɗi abin da na sha faɗa maka a ido. Ka yi jinkirin canzawa. Kaka biyu ka kafe a kan tsohon tsarinka kana cewa wannan sabon salo wasan yara ne, zai wuce. Bai wuce ba. Masu cewa rashin gwanaye ne kawai ya kayar da mu sun yi maka alfarma, masu cewa kai ne kawai sun zalunce ka. Duka biyun ne suka haɗu a kanmu.

Garin ya juya maka baya. Mutanen da a da suke tsayar da kai a kanti su gaisa da kai suka koma kau da kai. Wata safiya aka wayi gari an kafa allon “gidan sayarwa” a ƙofar gidanka. Matarka, Mama Verlene, ta fito ta tsige shi, ta cire sandar ta kai bayan gida ta ɗaura wa tumatirinta. Ta ce itacen mai kyau ne, a gode wa wanda ya kawo.

Saura wasa biyu a gama kaka babban koci ya kira ka ofishinsa, ya ce in zo ni ma, domin uku daga cikin yaran da za a yi magana a kansu nawa ne. Ba mugun mutum ba ne, shi ma wuta ce a ƙarƙashin kujerarsa. A wancan zamanin tallafin karatun ɗan wasa shekara-shekara ake sabunta shi. Ya ambaci sunan yara shida, ya ce ba za su taɓa kai matsayin da ake buƙata ba. Ya ce ka zauna da kowannensu, ka nuna masa cewa ba shi da makoma a nan, ya nemi wata makarantar. Idan guraben shida suka buɗe za a kawo masu gudu, kai kuma za a ƙara maka shekara.

Ka juya hularka a hannu. Sannan ka ce, "Na zauna a ɗakin girkin uwar kowane ɗayansu."

Ya ce, "Hosea, kowa haka yake yi. Kai ma ka san yaran nan ba za su iya ba."

"Na sani. Ni na ɗauko su. Idan kuskure ne, nawa ne."

"Ba na son in kore ka. Ka taimake ni mana."

Ka miƙe ka ce, "Ka kore ni, ka kore su, ikonka ne. Amma ba da bakina ba."

Da muka fito na bi ka a baranda ina cewa ka sake tunani, ko biyu ne ka saki ka tsira da huɗu. Ka tsaya ka kalle ni ka ce, "Waɗanne biyun, Lauya? Zaɓo mini."

Wasan ƙarshe an ci mu arba'in da ɗaya da sha bakwai, a gidanmu, mutane suna ihu a kore ka. A taron 'yan jarida wani tsohon marubuci da ke ƙaunarka ya buɗe maka ƙofar fita. Ya ce, "Koci, ba gaskiya ba ne cewa bana ba ka da 'yan wasa?" Gaskiya ce, kowa a ɗakin ya sani, kuma da ka ce e da sunanka ya tsira, da wata babbar makaranta ta ɗauke ka kafin Kirsimeti. Ka sha ruwa, ka ce, "Yaran nan suna da iyaye, kuma iyayen suna jin rediyo. Inda na ce su tsaya nan suka tsaya. A rubuta cewa ni ne." Haka kuwa aka rubuta. Ranar Litinin aka sallame ka.

Da ma a ce zan iya rubuta cewa tsayuwarka ta ceci yaran. Ba ta cece su ba. Wanda ya gaje ka ya sallami duka shidan kafin bazara, ya kawo masu gudu, cikin shekara biyu tsaronsa ya shiga sahun farko, aka fara kiransa gwani. Ba na ƙwace masa, ya iya aikinsa. Amma na lura babu wanda ya tambaya ko shi ma 'yan wasansa ne suka yi shi.

Kai kuma wata ƙaramar kwaleji ce a tsakiyar gonakin auduga ta ɗauke ka, nan Tallow Bend, inda ɗakin canza kaya ke yoyo idan an yi ruwa, inda ake tafiyar yini guda a tsohuwar bas don a buga wasa a gaban mutanen da ba su cika coci ba. Sharaɗi guda ka gindaya musu, a ba yaranka gurbi. Uku suka biyo ka, ni ma na biyo ka. Biyu sun samu wasu makarantun. Na shidan ya koma garinsu bai sake karatu ba. Ka je har gidansu sau biyu, ya ƙi fitowa ya gan ka. Har ka tsufa, idan hira ta yi nisa sai ka ce, "Ko yana ina yanzu?"

A bazararka ta farko a nan ka yi abin da ya sa na ƙara girmama ka fiye da lambar yabon. Kana da shekara hamsin da 'yan kai, ka tuƙa mota zuwa wata makarantar sakandare wurin wani matashin koci da ya ƙware a sabon salon nan da ya kayar da kai. Ka zauna a kujerar ɗalibai ka ce ya koya maka daga farko. Da ka dawo ka ce mini, "Ashe ba wasan yara ba ne." Iyakar neman gafarar da na taɓa ji daga bakinka ke nan.

Wasan da na fi tunawa ba ya cikin shekarar girma. A kakarmu ta biyu a nan ne, da zakarun rukuninmu, waɗanda ke cin maki arba'in a kowane wasa. Suna da mai gudu da babu kamarsa a yankin. Wanda zai tsare shi kuwa Marquell Stribling ne, ɗaya daga cikin yaran da aka kora, yaro mai kai amma mai nauyin ƙafa, wanda abokansa ke ce wa Motar Yashi. Ka shafe mako kana gina tsari a kewaye da rauninsa, ta yadda duk inda mai gudun ya juya zai tarar da mutum biyu, kuma Marquell ba zai taɓa zama shi kaɗai a bayansa ba. Ranar wasan yaran suka yi abin da ban taɓa ganin irinsa ba. Babu wanda ya kauce daga wurinsa. Zakarun nan sha uku kacal suka iya ci. Mu kuma namu masu kai harin goma suka ci. Aka ci mu.

A cikin bas kana zaune a gaba kusa da direba, ni ina bayanka. Da muka yi nisa sai ka juyo ka ce, "Lauya, tun da nake ban taɓa tsara wasa kamar na yau ba." Ka mayar da kai ga hanya, ka ƙara da cewa, "Kuma babu wanda zai sani." Ba ka faɗa da ɗaci ba. Jaridar jiha ta ba wasan layi biyu.

Mutane suna so su ce ka samu kwanciyar hankali a ƙaramin wuri, ba ka sake waiwayen babban fili ba. Ba haka ba ne, kuma ba zan yi maka wannan kwalliya ba. Ka yi kewarsa. Duk watan Disamba, lokacin da manyan makarantu ke canza koci, ba ka nisa da waya. Idan ta yi ƙara sai ka gyara murya kafin ka ɗauka. Sau ɗaya aka kira ka ganawa a wata babbar jami'a. Ka sayi sabuwar kwat mai ruwan toka, Mama Verlene ta guge maka ita, muka raka ka filin jirgi kamar ango. Suka ɗauki wani matashi da ya fito daga ƙungiyar da ke cike da gwanaye. Ka dawo ka rataye kwat ɗin, ba ka sake sa ta ba. A cikinta muka binne ka.

Shekara sha biyar ka yi a nan. Ba mu taɓa cin kofin ƙasa ba. Mun ci na rukuni sau biyu, mun kuma yi kakar da wasa uku kawai muka ci. Yaro ɗaya tak daga cikin ɗaruruwan da ka horar a nan ya kai ga wasan ƙwararru. Sauran suna koyarwa, suna tuƙa manyan motoci, suna aikin jinya, wasu suna soja. Idan aka ɗora alƙalumanka a sikeli, matsakaicin koci za a gani wanda ya taɓa yin shekara guda mai haske. Na san haka za a rubuta, kuma ba ni da alƙaluman da zan ƙaryata su da shi.

Bayan shanyewar ɓarin jiki ta tilasta maka ajiye aiki aka ba ni kujerarka, na taɓa tambayarka a barandar gidanka yadda mutum zai gane kocin tsaro nagari, tun da maki na iya yin ƙarya. Maganarka ta riga ta yi nauyi a lokacin, sai a hankali. Ka ce, "Kada ka kalli gwanin. Gwani ko ni ban zo fili ba zai yi abinsa. Ka nemi wanda ya fi kowa rauni a cikin sha ɗayan. Ranar da aka ci shi, duba ka gani, yana inda ya kamata ya tsaya? Idan yana wurin aka fi shi gudu, kocin ya yi aikinsa. Idan yana can yana waige-waige, kocin ne." Ka huta, ka kurɓi shayinka mai ƙanƙara, sannan gefen bakinka mai lafiya ya motsa. "Amma fa idan aka ba ka Otha, karɓi."

Ranar Laraba aka yi jana'izarka, cocin bai ɗauke mu ba, wasu a waje suka tsaya. Otha ya zo yana dogara sanda, gwiwoyinsa sun gama aiki, gashinsa ya yi fari. An ba shi dama ya yi magana, ya hau ya tsaya ya kalli akwatin, sannan ya sauko. Marquell, wanda yanzu shi ne shugaban wata makarantar firamare, yana cikin waɗanda suka ɗauke ka. Na yi ta duba fuskoki ko zan ga na shidan. Ban gan shi ba.

Amma ba ranar jana'izar ce ta fi yi mini nauyi ba. Lahadin da ta biyo baya ce. Tun da na karɓi aikin, duk Lahadi bayan an tashi daga coci nakan biyo ta gidanka. Ka riga ka kalli wasan Asabar, ka tanadi faɗanka, ko mun ci ko an ci mu. Nakan zauna in sha, in yi gardama, Mama Verlene tana jin mu daga ɗakin girki tana cewa mu rage murya maƙwabta na hutawa. Wannan Asabar ɗin an zura mana maki talatin da ɗaya. Na fito daga coci na shiga mota, ban farga ba sai ga ni a ƙofar gidanka. Na kashe motar na zauna, na kasa fita, na kasa juyawa.

Mama Verlene ce ta leƙo ta gan ni. Ta buɗe ƙofa ta ce, "Shigo mana, ɗana, abinci zai huce." Na shiga. Kujerarka tana nan da bargonka a kai. Ta zuba mini kaza da dafaffen ganye, ta zauna tana kallona ina ci. Can ta ce, "Na kalli wasan."

Na ce, "Mama, ai ba sai kin wahalar da kanki ba."

Ta ce, "Shekara hamsin ina kallo, yanzu zan daina? Ka yi gaggawar tura yaran su afka wa mai jifa a zango na uku. Ka bar ɗan ƙaramin nan shi kaɗai a baya. Da yana nan da ka sha magana."

Na ce na sani. Ta ce, "To ka gyara. Kuma ka dawo Lahadi mai zuwa. Ban iya faɗa kamarsa ba, amma gidan ya yi shiru da yawa."

Na ajiye cokali, muka zauna mu biyu, muka yi kukan da ban yi ba a fili, ban kuma yi ba a coci.

Koci, ina kewar muryarka. Ina kewar tsakinka, da yadda kake kiran sunan nan da ka laƙaba mini. Har yanzu idan na tsaya a gefen fili nakan ji kamar in juya in tambaye ka ko daidai na yi.

Ya Ubangiji, ga bawanka Hosea ya zo gare Ka. Ka san abin da ya ɗauka da abin da ya ƙi ajiyewa. Ka gafarta masa kurakuransa, Ka yi masa rahama, Ka ba shi hutun da bai taɓa yarda ya ba kansa ba. Ka sa kabarinsa ya zama wurin salama.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Mama Verlene Tolliver, wadda ta yi tarayya da 'ya'yan mutane a kan mijinta duk tsawon aurenta ba ta taɓa yin ƙorafi a gabanmu ba. Ina yi wa Renita da ƙanenta Amos ta'aziyya, da jikokinsa, da 'yan'uwansa. Ina yi wa duk wanda ya taɓa sa hular kwano a ƙarƙashinsa, gwani da mai rauni, wanda ya zo jana'iza da wanda bai samu zuwa ba. Allah Ya ba mu haƙurin rashinsa, Ya tsare iyalinsa, Ya sa mu cika da kyau idan tamu ta zo. Amin.

Cleon Haygood
Tallow Bend, Mississippi